Ƙwallon Dabinon Deborah

Ranar da Jannatu ta ƙi amsa gaisuwarta ta kan katanga, Deborah ta san akwai magana a ƙasa. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, katanga ce kawai tsakaninsu, ita ma guntuwa, wadda ake miƙa gishiri da garwashi ta kanta. Amma a safiyar nan ta tsakiyar azumi, da Deborah ta ce, "Maman Nuru, an tashi lafiya? Ya mai jiki?" sai ta ji an ja tsaki ƙasa-ƙasa, an kwashe kwanuka, an shige ɗaki.

Mai jikin kuwa Auwal ne, mijin Jannatu, mai gyaran babur a bakin tasha. Tun farkon azumi maƙogwaronsa ya kumbura, muryarsa ta dushe, ko kunu da ƙyar yake wucewa. Deborah ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ba ta san laifinta ba tukuna, amma jikinta ya ba ta cewa maganar ba za ta rasa nasaba da buhunan da ke jingine a ƙuryar ɗakinta ba.

Kafin mu je ga buhunan, bari ku san matar. Deborah 'yar Dukku ce, can ƙasar Rijau, kuma har yau in ranta ya ɓaci Dukanci, yaren garinsu, shi ne ke fara fitowa kafin Hausa ta biyo baya. A unguwa ba mai kiran sunanta, Maman Vivian ake cewa, da sunan 'yarta tilo da ke karatu a Minna. Aure ne ya kawo ta Kontagora. Mijinta Silas kafinta ne, mutum mai shiru-shiru, ciwon ciki ya ɗauke shi tun Vivian tana firamare, ya bar ta a gidan haya da akuya da wani benci da bai gama haɗawa ba. 'Yan'uwa suka ce ta tattara ta koma gida. Ta ce ba inda za ta, ta sayi kasko ta fara suyar gyaɗa.

Akwai wani hali da ta gada wurin ubanta, wanda mutane ke kira taurin kai. Tsohon bai taɓa ɗora gatari a kan kaɗanya ba, har ya taɓa yin gaba da ƙanensa saboda ya sare guda ɗaya a iyakar gona. To ita ma haka take. Gawayin nan mai nauyi da ake lodawa manyan motoci a bakin hanya, ta san itacen da aka kashe aka yi shi, don haka ba ya shiga gidanta ko kyauta ne. Da totuwar masara take hura wuta. Da kaka takan bi masu injin casa ta kwashe tulin da za su cinna wa wuta, ta haɗa da ɓawon gyaɗa, ta cika rumfa. Wutar totuwa kuwa sai mai haƙuri, ta tashi fuu ta mutu nan take, dole kana zaune kana ba ta kaɗan-kaɗan kamar mai ciyar da jariri. Matan unguwa suka yi ta dariya, wai Maman Vivian da shara take girki. Ko a jikinta.

Gahawar dabino kuma a taron Zumuntar Mata na cocinsu ta koya. Wata baƙuwa ce ta nuna musu cewa ƙwallon dabinon nan da ake yarwa, in aka wanke shi aka busar, aka soya aka niƙa, yana ba da abin sha mai kama da gahawa, ba ya kuma hana barci. Mata suka tafa, suka koma gida suka manta. Deborah ce kaɗai ta ɗauki abin da gaske. Suyar farko ta ƙone ƙurmus. Ta biyu ta fito ɗanya, har mai injin niƙa ya kore ta, ya ce tsakuwa ta kawo za ta kashe masa inji. Haka ta yi ta fama har hannunta ya faɗa. Ta gane cewa da kunne ake suyar kafin ido, domin ƙwallon yakan fara ƙara kamar tsakuwa a kasko, in ya kusa nuna sai ƙarar ta yi laushi. Ta ƙara masa citta da kanumfari, abu ya zauna.

Kuma ba abin da ke fita daga gidan nan da sunan shara. Tokar totuwa takan jiƙa ta tace, da ruwan take wanke ƙwallo. Tsakin da ya rage a rariya na awaki ne. Garin kuma a gwangwanayen madara take durawa, waɗanda Baƙo mai shayi ke tara mata, ta wanke ta cika ta mayar masa. Teburin Baƙo yana bakin titi, ba nisa da masallacin unguwa, kuma shi ne kasuwarta gaba ɗaya. Direbobi, 'yan acaɓa masu zuwa Ibeto, Fulanin Bobi in sun shigo cin kasuwa, kowa ka ji yana cewa, "Baƙo, haɗa min na dabino." Da wannan Deborah ta ajiye suyar gyaɗa, da shi take ci, da shi Vivian take makaranta.

Matsalar ɗaya ce, ƙwallo. Masu kunun aya suna tara mata wanda suka ɓare da hannu, amma ba ya kai ta ko'ina. Wata shekara da azumi ta ga Baba Mahfuz, tsohon da ke share masallaci, yana tura tulin ƙwallon dabino cikin kwata da tsintsiya. Kullum da magariba maza suna shan ruwa a ƙofar masallacin, kowa ya ci dabino ya tofar. Ta ji kamar abincinta ake turawa kwata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta roƙe shi ya riƙa tara mata a leda. Tun daga lokacin, abin da ta tara a watan azumi shi ke riƙe ta har wani azumin.

Ita dai ba ta taɓa yi wa kowa ƙarya ba. Ta ce ƙwallon dabino ne, kuma shi ne. Baƙo ya ɗauka duk daga wurin masu kunun aya yake fitowa, ita kuma ba ta gyara masa ba. Ta san mutanenta. Mutumin da zai sha ruwa a moɗa ɗaya da jama'ar masallaci bai damu ba, shi ne zai yi amai in ka ce masa abin da ke kofinsa ya taɓa shiga bakin wani. Saboda haka na masu kunu take shanyawa a tsakar gida kowa yana gani, na masallaci kuwa a lungun bayan ɗaki take wankewa, ta shanya a can, ta ɗure a buhu ta kai ƙurya. Wannan ɓoyon da ta ɗauka dabara ce, shi ya jawo mata.

Da hantsi Baba Mahfuz ya yi sallama a ƙofar gida, hannunsa ba leda. Ta ba shi benci, ya ƙi zama.

"Maman Vivian, abu ya lalace," ya ce, yana waige-waige. "Matar Auwal ta gan ni ina miƙo miki leda, ta kuma leƙa ta gan ki kina wanki a lungu. Uwar mijinta ta je wurin wani mai magani, ya ce musu yawun Auwal aka ɗaure, shi ya sa maƙogwaro ya toshe. Kin san kuma a masallacin nan yake shan ruwa kafin ya kwanta ciwo."

Deborah ta zauna a bencin. Ta san abin da ake nufi. A Dukku ma ba a barin gashi ko farce a ƙasa, balle abin da ya fito daga baki, don kada wani ya tsinta ya yi maka aiki da shi. Ita ce dai bai taɓa faɗo mata a rai ba cewa za a wayi gari ita ce wanin.

"Baba, ni? Ni da na yi wa Nuru wankan farko ranar da aka haife shi?"

"Ni na san ba haka ba ne. Amma ƙanen Auwal ya tara samari, sun ce a fito da buhunan a ƙona, wai in an ƙona zai warke. Mai Unguwa ne ya hana su shigo miki. Ya ce ki zo ƙofar gidansa bayan la'asar."

"Kai me ka ce musu?"

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Na ce ban san abin da kike yi da su ba."

Wannan ta fi komai yi mata ciwo, don ya sani sarai, ya sha zama a bencin nan yana kallonta tana suya. Amma ta dube shi, tsoho ne da ba shi da komai sai tsintsiyar masallaci da ɗan abin da ake miƙa masa ranar Juma'a, sai ta haɗiye maganar da ta zo mata baki.

"Ki ce na awaki ne," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kowa ya san akuya tana cin tsakinsa. Ki ce na awaki ne, a wuce wurin."

Bayan ya tafi ta shiga ƙurya ta zauna a gaban buhunan. Rana ta take, kwanon rufi yana ta ƙara don zafi, gumi yana bin bayanta. Abincin shekara guda ke nan a gabanta, ƙwallo tsaf-tsaf, wankakke, busasshe. In aka ƙona shi, kasko ya kife har wani azumin. In kuma ta faɗi inda yake tafiya, wa zai sake cewa Baƙo ya haɗa masa na dabino? Ta ɗauki waya za ta kira Vivian, ta tuna yarinyar tana jarrabawa, ta ajiye. Ta yi addu'a da Dukanci, ta sake yi da Hausa. Har la'asar ba ta iya sa komai a bakinta ba, kamar ita ma azumin take.

Ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika. Maza a tabarmi ƙarƙashin dogon yaro, leɓuna a bushe, kowa ransa a kusa saboda azumin bazara. Samari suna tsaye a baya. Mata sun rakuɓe a jikin katanga, cikinsu har da Jannatu, idanunta sun kumbura. Baƙo ma yana nan, tunda da azumi sai yamma yake buɗe tebur, ya zo kallon yadda za ta ƙare da mai kawo masa kaya. Deborah ta cire takalmi ta durƙusa.

Mai Unguwa dattijo ne da ba ya son hayaniya. Ya ce, "Maman Vivian, mun daɗe tare, ba mu taɓa jin kanki da kowa ba. Tambaya ɗaya zan yi miki. Ƙwallon da mutane suka tofar a masallaci, me kike yi da shi?"

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ina da awaki..."

"In na awaki ne ai da sauƙi," ƙanen Auwal ya katse ta daga baya. Dogo ne, direban tifa, idonsa jawur. "A ƙona. Ni zan saya mata dusa buhu-buhu. Wa ya taɓa wanke abincin akuya a ɓoye?"

Aka yi guna-guni, wasu suka gyaɗa kai. Deborah ta ga ƙaryar ba ta ma gama fita ba ta riga ta cinye buhunan. Tana cikin neman abin cewa sai Jannatu ta matso daga jikin katanga, ba tare da an ba ta izini ba.

"Maman Vivian, don girman Allah, in kin riƙe wani abu nasa ki sake shi." Ba faɗa take ba, roƙo take, hawaye yana zuba. "Tun jiya ko ruwa ba ya wucewa. Mai maganin ya ce kada a kai shi asibiti, allura za ta ɓata aikin. Ki tausaya wa Nuru."

Nan ne Deborah ta gane abin da ake ciki. Ashe mutum yana can kwance yana shaƙewa, an hana shi asibiti, ana jiran a ƙona mata buhu ya warke. Tsoro bai sake ta ba, amma haushi ya hau kansa, haushin mai maganin da haushin kanta.

"Ranka ya daɗe, ba na awaki ba ne," ta ce. "In na faɗa da baki ba za a yarda ba. A bar ni in ɗauko kayan aikina. Shi kuma," ta nuna ƙanen Auwal, "ya biyo ni ya zaɓi buhun da ya ga dama da hannunsa."

Haka aka yi. Ya shiga ƙuryar yana karanto addu'o'i, ya ɗago buhu yana riƙe da shi nesa da jikinsa kamar mai ɗauke da maciji. Ita kuma ta ɗauko kasko da murhun ƙarfe, da kwandon totuwa, da ƙaramin turmi da buta da kofuna. Ta zube su a gaban tabarmar Mai Unguwa, ta kwance bakin buhun, ta ɗebo ƙwallo ta baza a faranti.

"Ga shi nan. In an kawo min, a ruwan toka yake kwana. In dirje shi har ɓawon nan mai santsi ya fita, in ɗauraye, in dafa shi ya tafasa sosai, in sake ɗaurayewa, sannan rana ta yi nata aikin." Ta ɗaga tafukan hannunta, duk sun tsattsage sun yi fari saboda toka. "Ba yawun kowa a nan. Ko na so in ajiye, ruwa da wuta ba su bar min ba."

Ta jera totuwa, ta ƙyasta ashana, ta ɗora kasko. Da ya yi zafi ta zuba ƙwallo ta fara juyawa da muciya. Ƙarar ta cika wurin, ƙaras-ƙaras. Samarin da ke gaba suka ja da baya, wani ya toshe hanci da hula don kada hayaƙin ya shige shi. Ita ba ta ɗaga kai ba. Ta jefa totuwa, ta juya, ta jefa, ta juya. Rana ta yi ƙasa, inuwar dogon yaro ta miƙe har bakin titi, ƙarar kaskon ta fara laushi, ƙwallo ya yi duhu yana sheƙi. Ta watsa kanumfari da citta.

Sai ƙamshin ya tashi. Kun san hancin mai azumi da yamma, ba abin da ke wuce shi. Wanda ya toshe hanci ya sauke hula. Aka fara kallon juna. Wani ɗan acaɓa da ke bakin tabarma ya shaƙa, ya sake shaƙa, ya ce a hankali, "Wannan ai ƙamshin teburin Baƙo ne."

Idanu suka koma kan Baƙo, wanda bakinsa ya buɗe ya kasa rufuwa.

"Mama," ya ce, "ba na wurin masu kunun aya kika ce min ba?"

"Ban ce ba, Baƙo. Kai ka ce, ni kuma na yi shiru. Shirun nan laifina ne."

Wani ya juya ya tofar da yawu. Wani ya bi shi. Ƙanen Auwal, wanda ba ya hawa tifa sai ya sha kofi biyu na dabino, ya dafe maƙogwaro kamar shi ne mai ciwon. Deborah tana ganinsu ɗaya bayan ɗaya, ta san fuskar kowa, ta san wanda ke son nasa da madara da wanda ke son baƙi. Tana kallon kasuwarta tana watsewa alhali kowa yana zaune inda yake. Duk da haka ta sauke kasko, ta daka kaɗan a turmi, ta tankaɗe, ta tafasa a buta, ta zuba a kofuna ta jera a faranti.

"Ni ba azumi nake ba, amma ba zan sha a gabanku ba," ta ce. "In an kira salla ni zan fara sha. Wanda ya ga dama ya ɗauka."

Mai Unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Da ya buɗe baki, ƙanen Auwal ya fara kallo.

"Kai, je ka nemo mota. Yau ɗin nan za a kai ɗan'uwanka asibiti, kuma in uwarku ta yi magana ka ce ni na ce. Ba asiri a nan, sana'a ce. Ba mai taɓa mata buhu." Ya juyo gare ta. "Ke kuma, Maman Vivian, abin da ya fito daga bakin mutum nasa ne har sai ya bayar. Daga yau Mahfuz ba zai sake share miki ba. Ki ajiye kwano a ƙofar masallaci. Wanda ya yarda ya jefa, wanda bai yarda ba ya san inda zai kai abinsa."

"Na gode, ranka ya daɗe," ta ce. Ta juye sauran ƙwallon da ke farantin a buhu, ta ɗauko kwanon da ta zo da citta a ciki, ta ajiye shi a tsakiyar tabarma.

Lokaci ya riga ya ƙure, ba mai iya kaiwa gida, don haka aka fito da dabino da ruwan sanyi daga gidan Mai Unguwa aka zagaya da su. Aka kira salla. Kowa ya yi bisimilla ya kai dabino baki. Deborah ta ɗauki kofi ta shanye, zafinsa yana ƙona mata harshe, idonta a kan kwanon.

Tunda aka kafa unguwar nan ba a taɓa ganin maza sun rasa yadda za su yi da ƙwallon dabino ba sai ranar. Kowa ya tofa a tafin hannu ya tsaya yana kallonsa. A jefa a ƙasa, ana tsoro. A jefa a kwano, ana ƙyama. Ɗan acaɓan nan ya fara zura nasa a aljihu, sauran suka bi. Baba Mahfuz ya dubi kwanon, ya dubi mutane, ya dunƙule hannu ya tashi ya nufi masallaci. Aka watse zuwa salla, aka bar ta durƙushe da kwano wayam da kofuna suna hucewa. Ta juye su a gindin dogon yaro, ta ɗora kasko a kai ta koma gida.

Washegari da hantsi Baƙo ya zo da gwangwanayenta a kwali, cikakku, ko buɗe su ba a yi ba.

"Ba ni ba ne, Mama, mutane ne," ya ce, yana kallon ƙasa. "Jiya ko shayi ƙin sha suka yi, sai da na wanke buta a gabansu."

Ta karɓa ta ajiye a ƙurya. Da ya fita ta zauna a bencin Silas ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba tun rasuwarsa. An wanke ta, an kuma raba ta da abincinta, duk a zama ɗaya.

Auwal kuwa ƙurji aka samu a maƙogwaronsa, aka yi masa aiki da allurai, ya fara shan kunu. Kuna tsammanin maganar ta mutu? Ina! Wasu cewa suka yi ai da ma tun da ta soya a gaban jama'a ta sake shi. Mutane ke nan. Kwanon da ta ajiye a ƙofar masallaci kuma, kullum da safe in ta je dubawa sai ta tarar da ƙura da ganyen dogon yaro, wata rana ma kaza ta samu a ciki. Azumi yana ƙarewa, buhuna suna ƙurya ba mai saye, kasko yana kife a rumfa. Ta fara tambayar 'yan mota yadda hanyar Rijau take a kwanakin nan, ta fara tunanin abin da za ta gaya wa Vivian in ta zo hutu.

Ranar jajiberin salla da safe tana ba awaki ruwa, sai ta ji an yi gyaran murya ta kan katanga.

"Maman Vivian."

Jannatu ce. Tun ranar ƙofar gidan Mai Unguwa ba su haɗa ido ba. Ta rame, ga lalle a hannunta bai gama bushewa ba. Ta ɗora wani babban gwangwani a kan katangar, an ɗaure bakinsa da tsumma tamau.

"Ya mai jiki?" Deborah ta tambaya, ba ta matso ba.

"Da sauƙi. Jiya ya ci tuwo." Ta murza bakin hijabi. "Ƙwallon dabinon gidanmu ne. Tun ranar da na gan ki a lungu nake tsince su ina ɓoyewa a ƙarƙashin gado, nawa da na Nuru da na uwar mijina, don kada su zo hannunki." Ta tura gwangwanin gaba kaɗan. "Ni ce na bayar. In kin soya, ki sayar min da na farko. Baban Nuru ne ya tambaya, ya ce shayi ba ya yi masa daɗi."

Deborah ta goge hannu a zani, ta sauke gwangwanin. Ya fi yadda ta zata nauyi. Ta so ta yi magana, Hausa ta ƙi zuwa, Dukanci ma ya ƙi. Ta wuce lungun bayan ɗaki ta jawo daron wanki, ta kawo shi tsakiyar gida daidai inda ake hangowa ta kan katanga, ta kwance tsumman ta juye ƙwallon a ciki, ta zuba ruwan toka. Jannatu ba ta koma ɗaki ba, ta jingina da katangar tana kallo har aka gama dirjewa.